Daga Bakalori Zuwa Xiaogang: Me Muka Sani Game da Ƙasar Sin?

A watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. A cikin wannan shekara ce kamfanin Impresit na Italiya ya kammala gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talata Mafara. Gab da ƙarewar shekarar kuma, can a ƙasar Sin, magidanta 18 na wani ƙauye mai suna Xiaogang a lardin Anhui suka haɗu a ɓoye, suka dangwala yatsunsu a kan wata takarda, suka amince za su raba gonar gandun gwamnati a tsakaninsu, kowane gida ya noma kasonsa, ya biya hukuma abin da ta yanka masa, saura kuma ya zama nasa. Abin da suka yi laifi ne a lokacin, shi ya sa suka haɗa da alkawarin cewa idan aka ɗaure shugabanninsu, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su girma.

A shekara guda ke nan, mu a nan muna janye iko kan gona daga hannun manomi muna miƙa wa hukuma, su a can manoma suna ƙwato shi daga hannun hukuma. Abin da ya biyo baya a wuraren biyu ya isa a rubuta kundin digiri na uku a kansa. Amma wa zai rubuta? Duk yawan maganar Sin da muke yi, a majalisa da kasuwa da gidajen rediyo, masana kaɗan ƙwarai gare mu a arewacin Najeriya da suka mayar da siyasar wannan ƙasa da tarihinta fagen bincikensu, suna karanta takardunta da harshenta. Ina ganin wannan giɓi ya fara ja mana asara, kuma yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun yana cikin wuraren da asarar za ta fi bayyana.

Labarin Bakalori sananne ne ga dattawan yankin, amma matasa da yawa sun san madatsar ne kawai, ba su san yadda aka same ta ba. An soma aikin a 1974, lokacin da kuɗin man fetur suka yi wa gwamnati yawa. Tafkin yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma tsara ya shayar da hekta 23,000, wajen 15,000 daga ciki ta hanyar feshi da injina, saura ta magudanai. An tashi dubban mutane daga inda ruwa zai kwanta. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin yankin ban-ruwa kuwa, an hana su shuka na tsawon damuna fiye da ɗaya ana daidaita ƙasa, an sare musu itatuwa, diyya ta yi ta jan ƙafa, wadda aka biya ma ta zo da ƙorafin cuwa-cuwa. Da tura ta kai bango manoma suka datse hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Wasu masu bincike sun ce sun haura 380. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta yadda manoman suka yi arangama da gwamnati da masu jari, shi kuma William Adams ya nuna yadda tsare ruwan ya rage ambaliyar da fadamun da ke ƙasan madatsar suka dogara da ita wajen noman shinkafa da kamun kifi. Injinan feshin nan ba su daɗe ba suka tsaya. Sai da Bankin Duniya ya shigo da shirin TRIMING a 2014 aka sake tunkarar gyaran aikin da gaske.

To, ina ruwan wannan da ƙasar Sin? Ruwansa shi ne, babu ƙasar da ta gwada noman umarni daga sama kamar Sin, babu kuma wadda ta biya farashinsa kamarta. A 1958 Mao Zedong ya ƙaddamar da shirin da aka kira Babban Tsallen Ci Gaba: aka haɗe gonaki cikin manyan gandaye, aka kwashe manoma zuwa haƙar magudanai da narkar da ƙarfe, jami'an lardi suka dinga aika wa Beijin alƙaluman girbi na ƙarya don kada a ce sun gaza, gwamnati kuma ta karɓi hatsi bisa waɗannan alƙaluma. Yunwar da ta biyo baya tsakanin 1959 da 1961 ta kashe mutane miliyoyi masu yawa. Yang Jisheng, tsohon ɗan jaridar kamfanin dillancin labarai na Xinhua wanda ya shafe shekaru yana tono takardun larduna, ya ƙiyasta su miliyan 36. Masanin tarihi Frank Dikötter ya ce sun kai miliyan 45. Wasu masana ƙidayar jama'a sun kawo adadi ƙasa da haka. Anhui na cikin lardunan da abin ya fi yi wa ɓarna. Magidantan Xiaogang ba falsafa ce ta sa su dangwala yatsu ba. Sun ga yunwa da idonsu.

Amma a nan ne amfanin bincike yake bayyana, domin labarin Xiaogang kamar yadda hukumomin Sin suke ba da shi ya yi santsi da yawa. Masana sun daɗe suna muhawara a kansa. Wasu sun ce manoma ne suka ja, shugabanni suka bi daga baya. Wasu sun ce ba don sakataren jam'iyya na lardin, Wan Li, ya kare su ba, da a kurkuku labarin zai ƙare, kuma ba Xiaogang kaɗai ke irin wannan dabara a ɓoye ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne hatsin da Sin ta noma ya tashi daga kimanin tan miliyan 305 a 1978 zuwa 407 a 1984. Justin Yifu Lin, wanda daga baya ya zama babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, ya lissafa cewa kusan rabin ƙaruwar amfanin gona a waɗannan shekaru daga mayar wa gidaje gonakinsu ta fito. Sauran rabin fa? Gwamnati ta ƙara farashin da take sayen hatsi a 1979, takin zamani ya wadata, ga irin shinkafar aure da Yuan Longping da abokan aikinsa suka samar, ga kuma magudanan ruwan da aka haƙa da gumin manoma tun zamanin Mao. Wato gyaran bai yi aiki a kan fako ba. Sannan aka ba manomi tabbacin cewa gonar za ta daɗe a hannunsa: shekara 15 a 1984, aka mayar da ita 30 a 1993, aka sake ƙara wasu 30 a 2017. A 2006 kuma aka soke harajin noma baki ɗaya.

Duk wanda ya san matsalar manomin Bakalori zai ji waɗannan batutuwa kamar a gidansa ake yin su: wa ke da gonar, har zuwa yaushe, wa ke sakin ruwa, wa ke yanka farashi idan shinkafa ta zo kasuwar Talata. Amma manyanmu idan suka je Beijin ko Shanghai suka dawo, ba wannan suke ba mu labari ba. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya suke gani, da dogayen benaye, sai su kammala cewa sirrin Sin shi ne horo da hannun ƙarfe, mu ma abin da muke buƙata ke nan. Wannan karatu ne na ɗan yawon buɗe ido. Hannun ƙarfen da suke yabo shi ne ya haifar da yunwar 1959. Yuen Yuen Ang, a littafinta na 2016 kan yadda Sin ta kuɓuta daga tarkon talauci, ta nuna cewa abin da ya yi aiki bayan 1978 shi ne Beijin ta shata iyaka, ta bar gundumomi su gwada dabarunsu da abin da ke hannunsu, wanda ya yi nasara a yaɗa shi. Abin sha'awa, har masana'antar fina-finan Najeriya ta kawo misali da ita a littafin. Ana iya saɓa mata, an kuma saɓa, amma sai an karanta tukuna.

Batun madatsun ruwa ma haka yake. Sin tana da nata Bakalorin, har sun fi namu girma da muni. Madatsar Sanmenxia da aka gina a kan Rawayan Kogi daga 1957 zuwa 1960 da taimakon injiniyoyin Tarayyar Sobiyat ta tashi dubban ɗaruruwan mutane, cikin 'yan shekaru kuma laka ta cike ta, duk da cewa wani injiniya ɗan ƙasar, Huang Wanli, ya yi gargaɗi tun farko, aka hukunta shi maimakon a saurare shi. Waɗanda aka kora sun shafe shekaru gommai suna kai ƙara suna neman komawa. Madatsar Kwazazzabai Uku a kan kogin Yangtze ta tashi mutum sama da miliyan ɗaya. A 2004 dubban manoma a gundumar Hanyuan ta lardin Sichuan suka tsayar da aikin madatsar Pubugou saboda ƙarancin diyya, aka tura musu jami'an tsaro. Bayan shekara biyu, a 2006, majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da tsarin da ke ba duk wanda babbar madatsa ta tasa yuwan 600 a kowace shekara har tsawon shekara 20, ciki har da waɗanda aka tasa tun shekarun baya, ana tara kuɗin daga ɗan ƙarin da aka ɗora kan farashin lantarki. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma ba tausayi ne ya kawo su ba, tsoron tarzoma ne. Duk da haka akwai ƙa'ida a ciki: wanda ke shan wutar madatsa yana ɗauke da bashin wanda ruwa ya ci gonarsa. Shekara arba'in da wani abu bayan Birnin Tudu, wannan tunani ko teburin muhawara bai hau ba a wurinmu. Ga shi kuwa yanzu kamfanonin Sin ne ke gina mana madatsu. Zungeru mai megawat 700 a Jihar Neja aikinsu ne, da bashin bankinsu na Exim.

Wani zai ce wannan duk tarihi ne, mu abin da ya dame mu Sinawan da ke cikin dazukanmu ne. Gaskiya ne, kuma a nan rashin sanin ya fi tsada. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, bisa zargin cewa zinare na ciyar da ta'addancin 'yan bindiga. Bayan shekara guda, a Afrilun 2020, 'yan sanda suka kama Sinawa biyu a yankin Bukkuyum bisa zargin haƙa ba bisa ƙa'ida ba. A 2023 jaridar The Times ta Landan ta buga rahoton da ke zargin wasu Sinawa da biyan 'yan bindiga don samun shiga wuraren ma'adinai a Najeriya, ofishin jakadancin Sin ya musanta. A watan Disamba na 2024 aka ɗage haramcin. A duk wannan lokaci maganganu biyu ake ji a bakin jama'a: ko dai “China ce ke sace mana zinare”, ko kuma “China za ta zo ta zuba jari”. Dukkansu sun ɗauka cewa akwai wani abu guda ɗaya mai suna China, mai kai ɗaya da niyya ɗaya.

Abu na farko da mai nazarin siyasar Sin yake koya shi ne ba haka ba ne. Tun 1988 Kenneth Lieberthal da Michel Oksenberg suka nuna, daga binciken yadda ake yanke shawara kan makamashi, cewa mulkin jam'iyya ɗaya ne amma a rarrabe yake, ma'aikatu da larduna kowa na jan nasa. A ƙetare ma haka abin yake. Akwai manyan kamfanonin gwamnatin tsakiya irin su CCECC da ya gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna. Akwai na larduna. Akwai masu zaman kansu. Akwai kuma ɗaiɗaikun mutane da suka ci bashi a ƙauyensu suka sayi injin haƙa suka taho neman sa'a, waɗanda ofishin jakadancinsu ma sau da yawa sai an kama su yake jin labarinsu. Ching Kwan Lee ta shafe shekaru tana bincike a mahaƙan tagulla na Zambiya, ta gano cewa kamfanin gwamnatin Sin ya fi saurin sassautawa idan gwamnatin ƙasa da ƙungiyar ƙwadago suka matsa masa, saboda ba riba kaɗai yake nema ba, yana neman ma'adinin da kuma kyakkyawar alaƙa. A fagen gine-gine kuwa, inda babu mai matsa lamba, ba ta ga wannan sassauci ba. Ma'ana, halin baƙo ya danganta da wane ne shi, da kuma irin mai masaukin da ya tarar.

Gana ta riga mu shiga wannan rami. Daga wajen 2008 zuwa 2013 dubban Sinawa suka kwarara cikin haƙar zinare ta gargajiya a can, mafi yawansu daga gunduma ɗaya tak, Shanglin ta yankin Guangxi, inda mutane suka gaji sana'ar wanke zinare. Suka kawo manyan injinan haƙa da famfuna, aikin da ake yi a shekara ya koma na makonni, koguna suka gurɓace. A 2013 gwamnatin John Mahama ta kori fiye da 4,500. Amma da Gordon Crawford da Gabriel Botchwey suka bi diddigi, sai suka tarar dokar Gana ta keɓe ƙaramar haƙa ga 'yan ƙasa kaɗai, don haka babu baƙon da ya shiga ba tare da ɗan ƙasa mai lasisi ba, da basaraken da ya ba da fili, da jami'in da ya kau da kai. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi a Anka da Bukkuyum da Maru da dajin Maradun, kuma ba a amsa ta da zagin baƙi ko da yi musu kirari. Kada mu manta, gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba baƙo ne ya kawo ta ba. A tsakar gidajenmu aka niƙa duwatsun.

Akwai kuma darasin da ya shafi gwamnatocin jihohi kai tsaye. A 2020 Majalisar Wakilai ta tayar da jijiyar wuya kan wani sashe na yarjejeniyar bashin Sin, aka ce an jinginar da 'yancin ƙasa, alhali lauyoyi sun bayyana cewa irin wannan sashe ruwan dare ne a bashin ƙasa da ƙasa. Bashin da Sin ke bin Najeriya, kimanin dala biliyan 5, bai kai na Bankin Duniya ba. Muna can muna kallon ƙofar gaba, ɓarna ta shigo ta baya. Rikicin da Gwamnatin Jihar Ogun ta yi da wani kamfani mai zaman kansa, Zhongshan Fucheng, kan yankin ciniki maras haraji, ya kai ga kotun sulhu ta yanke wa Najeriya biyan kusan dala miliyan 70 a 2021, bisa yarjejeniyar kare jari da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 2001. A watan Agusta na 2024 wata kotun Faransa ta ba da izinin tsare jiragen fadar shugaban ƙasa guda uku. Sa hannun jiha ɗaya ya jawo wa tarayya duka abin kunya. Yankin nan namu ya fitar da gwamnonin Zamfara uku, Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun, don haka ba baƙon mulki ba ne; ya san cewa gwamna yakan sa hannu a kan abin da mashawarta suka kawo masa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Su kuwa sun daɗe suna karanta mu. Gidan rediyon Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, shekara takwas kafin ƙasashen biyu su ƙulla hulɗar jakadanci a ranar 10 ga Fabrairu, 1971. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijin, ɗalibanta kuma sukan zo Kano su goge harshe. Cibiyar nazarin Afirka da Yammacin Asiya da ke ƙarƙashin Kwalejin Kimiyyar Zamantakewa ta Sin ta samo asali tun 1961, Jami'ar Horar da Malamai ta Zhejiang kuma ta buɗe tata cibiyar nazarin Afirka a 2007. Li Anshan na Jami'ar Peking a kan boren manoman kudancin Gana zamanin Turawa ya yi digirinsa na uku. A namu ɓangaren, abin da aka fi nunawa shi ne Cibiyoyin Confucius na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas. Suna koyar da harshe, wannan kuwa alheri ne. Sai dai cibiyar da ƙasa ta kafa don gabatar da kanta ba ita ce za ta koya maka yadda za ka tuhume ta ba, kamar yadda ba a zuwa Majalisar Birtaniya ta al'adu don jin abin da aka yi a Satiru.

Ba ina cewa mu rungumi abin da Turawa suka rubuta ba ne. Su ma da nasu ciwon. Kalmar “tarkon bashi” da ta cika bakin 'yan jarida wani marubuci ɗan Indiya, Brahma Chellaney, ya yaɗa ta a 2017, Amurka ta ɗauke ta ta mayar makamin diflomasiyya. Deborah Brautigam, wadda ta shafe shekaru tana tattara alƙaluman bashin Sin a Afirka, ta nuna cewa labarin tashar jiragen ruwa ta Hambantota a Sirilanka, wanda ake kafa hujja da shi, bai tafi yadda ake faɗa ba. Ita ce kuma ta bi sawun jita-jitar cewa Sinawa sun saye miliyoyin hektocin gonakin Afirka, ta tarar abin da aka samu a ƙasa ɗan kaɗan ne. Ta ɗaya gefen, bincike a cikin Sin kanta yana ƙara wuya tun hawan Xi Jinping a 2012. An taƙaita shiga ɗakunan adana takardun tarihi da a da suke buɗe. A 2017 aka nemi Maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta toshe wa masu karatu a Sin maƙaloli kusan 300 na mujallar China Quarterly, ta yi, sai da malamai suka yi ca sannan ta janye. A 2018 aka kafa dokar da ta haramta ɓata sunan gwarazan juyin juya hali, wadda ke sa masanin tarihi taka tsantsan. Wanda zai shiga wannan fage sai ya iya karanta ɓangarorin biyu yana sane da inda kowa ya karkata.

Misali ɗaya ya isa. A watan Yuli na 2019 Najeriya na cikin ƙasashe 37 da suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan manufofin Sin a yankin Xinjiang. A watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce abin da aka yi wa Musulmin Uighur a can yana iya kaiwa matsayin laifin cin zarafin bil Adama. Beijin ta yi watsi da rahoton, ta ce ta'addanci take yaƙa. Al'umma irin tamu, da ta san zafin ta'addanci ta kuma damu da halin Musulmi, ta cancanci jin wannan batu daga bakin masaninta da ya san bambancin Uighur da Hui, ya san tarihin yankin, ba daga sanarwar wani ofishin jakadanci ba, kowanne ne.

Abin da nake kira a yi bai kai gina katafaren bene da rubuta masa suna ba. Mun ga cibiyoyi da yawa da allon ƙofarsu ya fi aikinsu girma. Jami'ar Jihar Zamfara tana Talata Mafara, kusa da magudanan Bakalori. Akwai Kwalejin Aikin Gona a Bakura, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin karatun malamai. Idan aka zaɓi matasan malamai huɗu ko biyar daga sassan tarihi da kimiyyar siyasa da tattalin arzikin noma da shari'a, aka ba su shekarun da koyon Sinanci yake ci, don ba harshe ba ne da ake kamawa a wata shida, aka kuma ɗaure su da sharaɗin dawowa, cikin shekara goma za a ga bambanci. Yawancin ɗalibanmu da ke samun gurbin karatu a Sin likitanci da injiniyanci suke yi, da Turanci, su dawo da takardar shaida ba tare da sun karanta jaridar garin da suka zauna ba.

Kuma ba sai an je Beijin za a fara ba. Fei Xiaotong, wanda ake ɗauka cikin iyayen ilimin zamantakewa a Sin, da ƙauye ɗaya ya fara, Kaixiangong, ya zauna ya ƙirga gonaki da basuka da tsutsar siliki, littafin ya fito a 1939, har yau ana karanta shi. Mu ma kayan bincikenmu na nan a gabanmu. Injin ban-ruwan da ke kuka a bakin magudana a Bakura, da babur ɗin da manomi da ɗan bindiga duk suke hawa, da farantin sola da ke kan rufin shago, akasarinsu daga Sin suka fito, kuma kowanne yana da hanyar da ya bi, da dillalin da ya ci riba, da maƙerin gida da ya rasa kasuwa. A Warra ta Jihar Kebbi wani kamfanin Sin ya daɗe yana gwajin irin shinkafa. Ya dace a auna abin da ya yi wa manoman da suka karɓa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da suka shekara ashirin suna zirga-zirga zuwa Guangzhou da Yiwu sun san yadda ake ciniki da Basine, da yadda ake warware rikici da shi, da abin da ya faru a Afrilun 2020 lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga masaukansu a Guangzhou da sunan korona, har Kakakin Majalisa Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotuna. Wannan ilimi yana cikin kawunansu, ba a rubuce ba, kuma suna tsufa.

Tunda an ɗage haramcin haƙar ma'adinai, masu neman lasisi da masu neman amincewar sarakuna za su ƙaru, cikinsu da kamfanoni masu sunayen Sinanci da abokan hulɗa 'yan gida. Gwamnatin Sin tana da rumbun rajistar kamfanoni a intanet, inda ake ganin ranar da aka kafa kamfani, da jarin da ya yi rajista da shi, da masu hannun jari, da tarar da hukuma ta taɓa ci masa. Da shi ake gane ko wanda ya zo da sunan babban mai zuba jari reshen kamfanin gwamnati ne, ko kuwa shago ne da aka yi wa rajista bara. Da Sinanci aka rubuta shi, kuma kafin hakimi a Maradun ko kwamishina a Gusau ya sa hannu, akwai buƙatar wani a kusa da shi da zai iya buɗe wannan shafi ya karanta masa abin da ke ciki.